Kafin a Ce "Ya Yi Murabus": Yadda Ake Bin Maganar Ɗan Siyasar da Ake Zargi da Neman Mata

Yawanci da dare abin ke tashi. Wani ya jefo hoto ko guntun bidiyo a zauren WhatsApp na wata unguwa a Sakkwato, ana cewa ga Honarabul wane a ɗakin otal da matar da ba tasa ba. Kafin a idar da sallar asuba ya zaga daga Mabera zuwa Arkilla, daga Runjin Sambo zuwa Gidan Igwai, hantsi na dubawa kuma matasa sun fara rubuta "ya sauka" a Facebook. Fushin yana da dalili. Mutumin da aka bi layi cikin rana aka zaɓa, ya dafa Alƙur'ani ya yi rantsuwar kama aiki, ba ya daga cikin waɗanda za a ce rayuwarsu tasu ce su kaɗai. Sai dai mafi yawan irin wannan kira kwana uku yake yi ya mutu, ya bar wanda ake zargi a kan kujerarsa, matar da aka haɗa da shi cikin tozarci, wani yaro daga cikin masu yaɗawa kuma a hannun 'yan sanda yana neman mai tsaya masa beli.

Abin da ke kashe shi tun daga tushe ɗaya ne: masu kiran sun kafa shi a kan kalmar zina, wadda ba za su iya tabbatarwa ba, sun bar cin amanar ofis, wanda shi ke da takarda da lamba da kwanan wata. Duk abin da ke ƙasa bayani ne na yadda ake raba waɗannan biyun.

Fara da bakinka

A Sakkwato kotunan shari'ar Musulunci suna sauraren manyan laifuka tun farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Attahiru Bafarawa, kuma ƙazafi laifi ne a rubuce a kundinsu. Asalinsa aya ta 4 ce a Suratun Nur: wanda ya jefi kamammen mutum da zina bai kawo shaidu 4 ba, bulala 80 ce, kuma shaidarsa ta faɗi. Shaidun nan ba masu cewa "mun ga sun shiga ɗaki" ba ne. Maza 4 ne adalai da suka ga aikin kansa da idanunsu, a lokaci ɗaya, maganarsu ba ta saɓa ba. In babu su, sai iƙirarin mai laifin da bakinsa, wanda kuma yana da damar janyewa. Hoton mutum biyu a kan gado ɗaya bai cike wannan gurbin ba. Rasit ɗin otal ma haka, hirar waya ma haka.

Akwai wani wurin da 'yan soshiyal midiya ke faɗawa ba su sani ba. A mazhabar Imamu Malik, wadda alƙalanmu ke bi, habaici ma yana iya zama ƙazafi matuƙar mai ji ya gane inda aka dosa. Saboda haka rubuta "wani ɗan majalisa daga gabashin jiha mai farar jif, Allah Ya shirya masu bin matan mutane" bai tsirar da kai ba. Kuma wanda ya tura abin da wani ya rubuta ya ɗauki nauyinsa. A labarin ƙagen da aka yi wa Uwar Muminai Nana A'isha, waɗanda aka yi wa haddi sun haɗa da mutanen kirki da suka maimaita abin da suka ji.

Ta ɓangaren dokar tarayya kuma, sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya hana aika hotunan batsa ta kwamfuta ko waya, hukuncinsa yana kaiwa tarar naira miliyan 7 ko ɗaurin shekara 3 ko duka biyun. Wanda ya tura bidiyon tsiraici yana cewa "don jama'a su gani" ya aikata abin da sashen ya hana, ko da bidiyon gaskiya ne. Bayan wannan ga ƙarar ɓata suna da wanda aka ambata zai iya shigarwa a babbar kotu ya nemi diyya.

Don haka matakin farko shi ne a tsayar da doka tsakanin masu tafiyar: babu mai furta kalmar zina ko abin da ya yi kama da ita, babu mai tura hoton, babu mai kiran sunan matar. Wanda ya karya a cire shi daga zauren a ranar, domin rubutun mutum ɗaya ya isa lauyan ɗan siyasar ya maka kowa a kotu.

Ku tabbatar akwai maganar ma tukuna

Tambayar farko da ya kamata a yi a ƙasar Hausa, wadda masu gaggawa ke tsallakewa: shin ba matarsa ba ce? Namiji yana da damar mata 4, kuma manya da yawa suna ɗaura aure a Kaduna ko Abuja ko wani ƙauye da waliyyi da shaidu da sadaki, uwargida ba ta sani ba, balle 'yan mazaɓa. Mutum na iya ƙin irin wannan ɓoyon, amma ba shi ne abin da ake zargi ba. Ranar da ya fito da waliyyin da limamin da ya ɗaura, tafiyarku ta ƙare, kuma ku ne za ku koma masu neman gafara. A sa dattijo ɗaya mai riƙon sirri ya bincika wannan ta wajen dangi kafin a ce uffan.

Sai shi kansa hoton. Ku nemi asalin fayil ɗin daga wayar da ta ɗauka, domin WhatsApp yana matse hoto ya goge bayanan da ke nuna ranar ɗauka da irin wayar. A saka hoton a Google Lens a ga ko ya taɓa fitowa a wani wuri da wani suna. Sau da yawa tsohon hoto ne daga wata ƙasa aka ɗora wa sabon labari. In bidiyo ne a kalle shi a hankali a kwamfuta, ba a waya ba: gefen fuska inda ta haɗu da wuya da kunne, ƙiftawar ido, ko motsin leɓe ya dace da sautin, ko inuwa ta faɗi ɓangare ɗaya da ta sauran kayan ɗakin. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira yanzu suna kwaikwayon muryar mutum daga ɗan gajeren jawabinsa, ɗan siyasa kuwa jawabansa sun cika intanet. Saƙon murya shi kaɗai ba hujja ba ne.

Ku kuma tambayi kanku wa ya fito da shi, kuma me ya sa yanzu. In saura wata biyu zaɓen fid da gwani, ko ana rabon muƙamai, to akwai mai turmin da ake daka masa. Wannan bai mayar da gaskiya ƙarya ba, amma ya kamata ku san ko aikin wa kuke yi. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi umarni da bincike in fasiƙi ya zo da labari, aya ta 12 kuma ta hana bin diddigin asirin mutane. Wanda ya dasa kyamara a ɗakin kwanan wani ba abokin tafiyarku ba ne.

Inda haƙƙin jama'a yake

Tarihin Musulunci ya riga ya raba mana hukuncin haddi da hukuncin muƙami. A zamanin Sayyidina Umar an zargi gwamnan Basra, Mugira ɗan Shu'uba, da zina, Allah Ya yarda da su. Umar ya tura Abu Musal Ash'ari ya karɓi garin, ya kira gwamnan da masu zarginsa Madina. Uku suka ba da shaida, na huɗun ya kasa faɗin abin da shari'a ke nema. Aka yi wa ukun bulalar ƙazafi, Mugira ya kuɓuta, daga baya ma Umar ya ba shi Kufa. Abin lura a nan biyu ne. Janye shugaba daga kujera har a gama bincike ba ya jiran shaidu 4, maslahar jama'a ce ke kawo shi. Furta zargin zina kuwa yana jiransu, ko wane ne mai furtawar.

Ko a ƙasashen Turawa, in aka duba da kyau, ba kwanciyar ce ta fi kayar da mutane ba. John Profumo, ministan yaƙi na Birtaniya, ya sauka a 1963 ne bayan ya amsa cewa ya yi wa majalisa ƙarya. Matt Hancock, ministan lafiyarsu, ya sauka a Yunin 2021 saboda ya karya dokar ba da tazara ta korona da shi kansa yake ɗora wa jama'a, kuma da mai ba shi shawara a ofis. Bill Clinton na Amurka, tuhumar da majalisar wakilai ta yi masa a Disambar 1998 ta rantsuwa kan ƙarya ce da hana shari'a aikinta, majalisar dattawa kuma ta wanke shi a Fabrairun 1999, ya ƙarasa wa'adinsa.

To ku ma ku nemi abin da ya taɓa ofis. An ba ta aiki ba tare da cancanta ba, ko an sa sunanta a jerin masu albashi ba ta zuwa? Kamfanin da ya samu kwangilar rijiyoyin burtsatse na mazaɓa, sunan wa ke cikin rajistarsa a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC? Kuɗin otal da tikitin jirgi daga aljihunsa suka fito ko daga baucan tafiyar aiki? Motar gwamnati da direba da ɗan sandan da aka ba shi don aiki, ina suke kwana? Kujerar Hajji ko gurbin tallafin karatu da aka ware wa talakawan mazaɓa, hannun wa ya faɗa? Waɗannan duka suna barin sawu a takarda, kuma kowanne ana iya faɗinsa a bainar jama'a ba tare da an jefi kowa da alfasha ba. Sashe na 19 na dokar ICPC (hukumar yaƙi da cin hanci) ta 2000 ya tanadi ɗaurin shekara 5 ba zaɓin tara ga ma'aikacin da ya yi amfani da ofishinsa ya ba kansa ko ɗan'uwansa ko na kusa da shi wata alfarma ta haram. Jadawali na 5 na kundin tsarin mulkin 1999 kuma ya hana jami'i sa kansa inda son ransa zai ci karo da aikinsa. Ana kai wannan koke ga hukumar ɗa'ar ma'aikata, kotunta kuma tana da ikon raba mutum da kujera da hana shi riƙe muƙami har shekara 10.

Akwai yanayin da ya fi duk wannan nauyi, wanda bai kamata a kira shi "badaƙala" ba ma. In yarinya ce ƙarama, ko ɗaliba, ko mai neman aiki da aka ce sai ta ba da kanta, ko ma'aikaciyar da ke ƙarƙashinsa da aka yi wa barazana, to laifi ne aka yi mata, ita ba abokiyar laifi ba ce. Jihar Sakkwato ta sa hannu a dokar kare yara da dokar hana cin zarafin mutane a 2021. Irin wannan ba a fara shi da taron manema labarai. A kai ta Cibiyar Nana Khadija da ke Asibitin Ƙwararru na Sakkwato da wuri, cikin kwana 3 in fyaɗe ne, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau ba ya aiki bayan awa 72, shaidar likita ma tana gushewa. Daga nan sai 'yan sanda da lauya.

In kuka bincika duka ba ku sami ko ɗaya ba, babu kuɗin gwamnati, babu tilas, babu ƙaryar da aka yi wa majalisa, sai zato da hoto, to abin da ke hannunku nasiha ce. A sami malaminsa ko wani kawunsa da yake jin nauyi ya same shi a keɓe. Ranar zaɓe kuma kowa ya san abin da zai yi da ƙuri'arsa.

Wace kujera yake kai?

Murabus abu ne da mutum ke yi da hannunsa, babu dokar da ke tilasta shi. Sashe na 306 na kundin tsarin mulki ya faɗi inda takardar ke zuwa: gwamna ya rubuta wa kakakin majalisar jiha, mataimakin gwamna ya rubuta wa gwamna, ɗan majalisar jiha ga kakaki, sanata ga shugaban majalisar dattawa, kakaki kuma ga akawun majalisa. Tana fara aiki ne daga lokacin da ta isa hannun wanda aka rubuta wa. Sanarwa a rediyo ko a Facebook cewa "na ajiye" ba murabus ba ce sai takarda ta shiga, don haka ku nemi ganin kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.

Tunda ba a tilastawa, ƙarfin kiranku yana ga abin da zai biyo baya in ya ƙi. Nan ne kujeru suka bambanta ƙwarai.

Kwamishina da mai ba da shawara da shugaban hukuma naɗaɗɗu ne. Wanda ya naɗa su yana iya sauke su da takarda ɗaya, saboda haka kokenku gwamna za a rubuta wa ta ofishin sakataren gwamnatin jiha, a ba majalisa kwafi. Majalisa tana da ikon bincike da kiran shaidu a sassa na 128 da 129, amma ƙudurinta na "a cire shi" shawara ce. Wannan ita ce kujerar da kira mai hujja ya fi saurin tasiri a kanta, domin babu gwamnan da ke son ɗaukar kayan wani a kansa ana dab da zaɓe.

Zaɓaɓɓen ɗan majalisa kuwa gwamna ba ya iya korarsa, jam'iyya ma in ta dakatar da shi yana nan a kujerarsa. Hanyar ita ce kiranye, sashe na 69 ga 'yan majalisar tarayya, na 110 ga na jiha. Ana buƙatar sa hannun fiye da rabin duk masu rajistar zaɓe a mazaɓar. A lura, masu rajista aka ce, ba waɗanda suka fito zaɓe ba. In rajistar mutum 100,000 ce, sai an kawo 50,001, alhali wataƙila waɗanda suka yi zaɓen gaba ɗaya ba su kai haka ba, kuma rajistar tana ɗauke da matattu da waɗanda suka ƙaura da waɗanda rashin tsaro ya raba da garuruwansu. Kowane mai sa hannu da sunansa da lambar katinsa, a jere rumfa-rumfa. INEC za ta sa rana kowa ya zo rumfarsa ya tabbatar da sa hannunsa, in an haye wannan sai ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90 daga karɓar koken. A Kogi ta Yamma an gwada wa Sanata Dino Melaye, ranar tantancewa a Afrilun 2018 waɗanda aka tabbatar ba su wuce kashi 5 da ɗoriya cikin 100 na masu rajista ba. A 2025 an sake gwadawa a Kogi ta Tsakiya, INEC ta ce sa hannun bai kai adadi ba. Kada ku yi barazanar kiranye in ba ku da wakili a kowace rumfa da kuɗin zirga-zirgar wata da watanni. Shi ma ya san lissafin, barazanar da ba ta da ƙafa ƙarfi take ƙara masa. Abin da ya fi kusa shi ne kwamitin ɗa'a na majalisar, da neman a karɓe shugabancin kwamitin da yake riƙe. In kakaki ne, kashi 2 cikin 3 na 'yan majalisa sun isa su sauke shi daga kakakin, ya koma ɗan majalisa kawai.

Gwamna da mataimakinsa suna da rigar kariya a sashe na 308, ba a gurfanar da su suna kan mulki. Saura tsigewa ta sashe na 188, kuma ga yadda lissafinta yake a majalisar Sakkwato mai kujeru 30. Mutum 10 su sa hannu a takardar zargin babban laifi, da bayani dalla-dalla, su miƙa wa kakaki. Cikin kwana 7 kakaki ya ba wanda ake zargi da kowane ɗan majalisa kwafi. Cikin kwana 14 daga miƙawa majalisa ta kaɗa ƙuri'a, ba muhawara, kan ko a bincika, kuma sai 20 sun yarda. Cikin kwana 7 babban jojin jiha ya naɗa mutum 7 masu mutunci da ba ma'aikatan gwamnati ba, ba 'yan majalisa ba, ba 'yan jam'iyya ba. Suna da wata 3, wanda ake zargi kuma yana da damar kare kansa da lauya. In suka ce zargi bai tabbata ba, magana ta mutu a nan. In ya tabbata, cikin kwana 14 sai 20 sun sake amincewa. Tsallake mataki ɗaya yana rusa duka: 'yan majalisar Oyo 18 cikin 32 sun fara shirin tsige Gwamna Rashidi Ladoja a wani otal a Ibadan, suka cire shi a Janairun 2006, Kotun Ƙoli ta mayar da shi a Disambar shekarar.

Ciyaman da kansila kuwa dokar ƙananan hukumomi ta jiha ce ke magana a kansu. A sa lauya ya karanto sashen kafin a rubuta komai.

Takardar kanta

Shafi ɗaya zuwa biyu ya isa, shaidu a maƙale a baya da lamba. A rubuta ta da sunan ƙungiya ko dattawan mazaɓa na gaske, mutum 5 zuwa 10 da aka sani, da sa hannunsu. Takardar "masu kishin mazaɓa" da ba suna kwandon shara take faɗawa, kuma daidai ne ta faɗa. A sa mata cikin masu sa hannu, a sa 'yan jam'iyyarsa in an samu, domin amsar farko da za a ba ku ita ce 'yan adawa ne suka turo ku.

Kowane zargi ya zo da rana da wuri da adadi da takardar da ke goyon bayansa. Ga irin lafazin da ke tsayawa a gaban lauya: "Mai girma Kakaki, takardar biya da muka maƙala a lamba ta 2 ta nuna an fitar da kuɗin tafiyar aiki na kwana 4, takardar lamba ta 3 kuma ta nuna ba a yi taron da aka ambata ba. Muna roƙon kwamitin ɗa'a ya bincika, muna kuma kira ga Honarabul ya ajiye shugabancin kwamitinsa har a gama." Babu "fasiƙi", babu "mazinaci", babu wa'azi. In dole a ambaci matar, a ce "wata da ba ma'aikaciyar ofishin ba".

Kafin a fitar, a aika wa shi wanda ake zargi tambayoyin a rubuce, a ba shi kwana 3 zuwa 7. Wannan adalci ne, sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ɗauke shi mara laifi har a tabbatar. Kariya ce kuma gare ku: in yana da bayani gara ku ji shi a ɗaki da ku ji shi a rediyo, in kuma ya yi shiru kuna da shaidar kun nema. A kai takarda da hannu, a riƙe kwafin da aka buga wa hatimi da kwanan wata. Duk shaidar da ta fito daga waya ko kwamfuta, sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana neman a haɗa ta da bayanin na'urar da ta fitar da ita, don haka kada a sayar da wayar, kada a goge ta, kada a yanke bidiyon ko a yi rubutu a kansa. Ma'aikacin da ya ba ku takarda daga ofis kuma ku rufa masa asiri: a duba ko akwai sa hannunsa ko wata alama a gefen kwafin da za ta tona shi.

Mai magana da yawunku ya zama ɗaya. Ya karanta abin da aka rubuta a sakatariyar 'yan jarida ko a gidan rediyo, ya tsaya a nan. Ɗan jarida zai tambaye shi, "To kana nufin ya yi lalata da ita?" Amsar ita ce, "Ba mu ce haka ba, kuma ba mu da hurumin cewa. Muna magana ne a kan kuɗin jama'a." Shirin kiran waya kai tsaye shi ne mafi haɗari, domin mai kira zai faɗi abin da ku kuka ƙi faɗa, a kuma jingina muku.

Zanga-zanga haƙƙi ce a sashe na 40 na kundin tsarin mulki, Kotun Ɗaukaka Ƙara ma ta ce a 2007 ba a buƙatar izinin 'yan sanda, sanarwa ce ake ba su don su ba da tsaro. Amma a maganar da ta taɓa addini da mutunci, shawararmu a bar titi. Mutanen Sakkwato ba su manta dokar hana fita ta awa 24 da aka sa bayan tarzomar Mayun 2022 ba. Taro in ya cika ba mai iya riƙe shi, 'yan daba za su shigo, kuma gidan da za a fara jifa ba na Honarabul ba ne mai 'yan sanda a ƙofa. Tawagar mutum 10 da za ta je majalisa cikin natsuwa, sannan ta gaida uban ƙasa ta sanar da shi, ta fi amfani. Kada dai a nemi basarake ko limamin Juma'a ya fito ya ɗauki ɓangare, a bar su a matsayin waɗanda za su iya kiran mutumin su ce masa, "Wane, sauka ya fi maka mutunci." Sau da yawa wannan kiran ne ke kawo takardar murabus, kuma ba ya yiwuwa sai an bar wa mutum ƙofar fita. Wanda aka riga aka yi wa tsirara a duniya ba shi da sauran abin da zai tsare, sai ya zauna ya yi ta faɗa.

Matar, da matan gida

Wannan ne wurin da ya fi damun mu, domin a nan ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. A fiƙihun Malikiyya cikin da ya bayyana ga matar da ba ta da aure yana iya zama hujja a kanta, namiji kuwa in ya musa, babu shaidu 4, ya tafi. Sakkwato ta ga wannan da idonta. A Oktoban 2001 babbar kotun shari'a ta Gwadabawa ta yanke wa wata mata daga Tungar Tudu hukuncin jifa, mutumin da ta ambata ya musa aka sallame shi, sai a Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta soke hukuncin. Duk wanda ke tunanin kai maganar Honarabul gaban alƙali ko Hisba da sunan zina ya san wa zai fi jefawa cikin haɗari. Shi yana da manyan lauyoyi da gida a Abuja. Ita tana da uba da ke zuwa masallacin unguwa da ƙannen da ke jiran masu neman aure.

Saboda haka ba suna, ba hoto ko an rufe fuska, ba unguwa, ba wurin aiki. In matar aure ce, maganar tana hannun mijinta da waliyyanta da alƙali, shari'a ta tanadi li'ani (rantse-rantsen miji da mata gaban alƙali kan zargin zina) da saki, ba aikin 'yan mazaɓa ba ne. In ita ce ta zo da kanta tana son yin magana, a haɗa ta da lauya mace kafin ɗan jarida, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana irin wannan aikin, a kuma fahimtar da ita cewa abin da za ta faɗa a gaban kyamara yana iya zama iƙirari a kanta. Uwargidansa da 'ya'yansa kuma ba su ci kuɗin kowa ba. Kada a kira su a waya, kada a sa hotonsu, kada a aika wata ta je "jaje" don ta jiyo labari.

In ya sauka, a daina maganar ɗakin kwana a ranar, amma koken kuɗi da ke gaban ICPC ko hukumar ɗa'ar ma'aikata ya ci gaba, domin murabus ba ya biyan abin da aka ɗiba. In ya ƙi sauka, majalisa kuma ta yi shiru, a sake rubuta wa akawu bayan kwana 30 ana tunatarwa da lambar takardar farko, a adana kowane kwafi mai hatimi a wuri biyu, ɗaya wajen lauya. Lokacin da jam'iyyu suka buɗe tantance 'yan takara, a miƙa fayil ɗin ga kwamitin tantancewa da shugabannin jam'iyya na mazaɓu da wakilan da za su kaɗa ƙuri'ar fid da gwani, a kuma karɓi shaidar cewa sun karɓa.